Gilberto Gil: Mawaƙin da Soja Suka Kora, Ya Dawo Ya Zama Minista

A ƙarshen Disambar 1968 gwamnatin sojan Brazil ta kama mawaƙa biyu a São Paulo, Gilberto Gil da amininsa Caetano Veloso. Aka aske musu kai, aka tsare su kusan wata biyu ba shari'a, daga baya aka ce su bar ƙasar. A 1969 suka tafi Landan.

Gil ɗan Salvador ne a jihar Bahia, an haife shi a 1942, mahaifinsa likita. Da akodiyan ya fara, yana kwaikwayon Luiz Gonzaga, gwanin kiɗan ƙauyukan arewa maso gabas. Ya karanta harkar kasuwanci a jami'a, har ya kama aikin kamfani, kafin waƙa ta janye shi. A gasar talabijin ta 1967 ya rera "Domingo no Parque" da harshen Fotugis, ya haɗa berimbau, wani baka mai tsirkiya ɗaya da ƙwarya, da jitar lantarki. Masu kishin gargajiya suka ce ya sayar da kiɗan gida ga Amurka. Soja kuwa tsageranci suka gani a salon nan da aka kira Tropicália. Aka rasa mai kare shi ta kowane ɓangare.

Ya dawo gida a 1972. Amma a ganina tafiyar da ta fi sauya shi ita ce ta Legas, lokacin bikin al'adu na FESTAC a 1977. Ya yi makonni a can, ya haɗu da Fela Kuti, ya saurari gangunan da yake jin amonsu a Bahia tun yana yaro, wannan karon a tushensu. Ba abin mamaki ba ne: Bahia ce ta karɓi ɗimbin bayi daga gaɓar Afirka ta Yamma, Yarabawa da Hausawa a cikinsu, kuma Musulminsu ne suka yi boren 1835 a Salvador. A shekarar da ya koma ya fitar da faifan Refavela, wanda ya cika da kiɗan Afirka da zancen unguwannin talakawa baƙaƙen fata.

Shugaban ƙasa Lula da Silva ya naɗa shi ministan al'adu a 2003, ya riƙe har 2008. Ya karkatar da kuɗin ma'aikatar zuwa ƙananan ƙungiyoyin unguwanni da ƙauyuka, masu kiɗa da rawa da wasan kwaikwayo waɗanda da ba a san da zamansu ba. Muƙamin bai raba shi da jita ba. A 2003 ya yi wasa a zauren Majalisar Ɗinkin Duniya, babban sakatarenta na lokacin, Kofi Annan, na buga masa ganga.

A 2021 aka zaɓe shi cikin Majalisar Adabi ta Brazil. A 2025, yana da shekara 82, ya fara rangadin bankwana daga Salvador, 'ya'yansa da jikokinsa na cikin makaɗan.