Rijiyar da Masu Ƙaga Labari a Indiya Ke Ɗiba

Mai karatu, in kana cikin masu kallon fina-finan Indiya, wataƙila ka taɓa tambayar kanka inda mutanen nan ke samo labaransu. To, da yawa daga cikinsu tsofaffin waƙoƙi biyu na Hindu suke komawa, watau Ramayana da Mahabarata. Tun fim ɗin farko mai tsawo da aka yi a Indiya a 1913, "Raja Harishchandra" na Dadasaheb Phalke, daga tsofaffin labaran Hindu aka ɗauko shi.

Ita Mahabarata da harshen Sanskirit aka tsara ta, tana da baiti wajen 100,000 cikin kashi 18. Jigonta rikicin sarauta ne tsakanin 'ya'yan wa da ƙane, Kaurawa su 100 da Pandawa su biyar, wanda ya kai ga yaƙin kwana 18 a filin Kurukshetra. Amma cikin dukan jaruman nan, kaɗan ne suka ja hankalin marubuta kamar Karna.

Ga yadda labarinsa yake. Kunti ta haife shi tun ba ta yi aure ba, don gudun abin kunya ta sa shi cikin kwando ta saki a kogi. Wani mai tuƙa keken doki ya tsince shi ya rene shi. Ita kuwa Kunti daga baya ta zama uwar Pandawa. Da Karna ya girma ya gwanance da harbin baka, sai aka yi masa gorin asali a bainar jama'a. Duryodana, babban Kaurawa, shi ya share masa hawaye, ya naɗa shi sarkin Anga. Ana gab da yaƙi Kunti ta zo ta bayyana masa cewa waɗanda zai yaƙa ƙannensa ne. Ya ƙi juya wa wanda ya rufa masa asiri baya, amma ya yi mata alkawari ba zai kashe ko ɗaya daga cikinsu ba sai Arjuna. A rana ta 17 ƙafar kekensa ta kafe a ƙasa, yana ƙoƙarin fid da ita Arjuna ya harbe shi.

Dubi abin da masu hikima suka yi da wannan. A 1967 Shivaji Sawant ya fitar da littafinsa "Mrityunjay" da harshen Marati, inda ya bar Karna ya ba da labari da bakinsa. A 1981 Shyam Benegal ya yi fim ɗin "Kalyug", ya mai da gidajen sarautar nan biyu gidajen masu masana'antu, Shashi Kapoor ya fito a matsayin Karan, wanda aka kashe yana canja tayar mota. A 1991 kuma Mani Ratnam ya yi "Thalapathi" da harshen Tamil. Nan jirgin ƙasa na kaya ya maye gurbin kogi, ƙanen da ba a sani ba ya zama babban jami'in gwamnati, sa'an nan aka sake ƙarshen labarin, jarumin ya rayu.

Abin lura shi ne ba wanda ya kwafi waƙar yadda take. Kowa ya ajiye baka da keken doki, ya riƙe tambayar da ke ciki: tsakanin jini da halacci, wanne ya fi ƙarfi? Wannan tambaya ba ta tsufa.

Mu ma ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Alhaji Abubakar Imam ya ɗebo labarai daga littattafan ƙasashe dabam-dabam, ya sa musu rigar Hausa cikin "Magana Jari Ce", har mai karatu ya rantse a gida aka haife su. Saboda haka matashin marubucin da ke kukan labari ya ƙare masa, sai ya buɗe tsohon littafi, ya nemi wanda aka zalunta a ciki, ya ba shi baki ya yi magana.