Kuskuren Mai Gyaran Firji

A ƙasar Anka da Gummi da Bukkuyum, zafin watan Afrilu yakan kai digiri 40. Lokacin ne mai ƙanƙara yake ciniki, lokacin ne kuma firji yake yawan ɓaci.

Abin da ke kawo sanyi, wani gas ne mai zagayawa cikin siririn bututu. Ba ya ƙarewa don kansa. In ya ragu, to, bututun ya huje. Mai gyaran da ya ɗura sabon gas bai toshe hujin ba, ruwa ya zuba a kwando. Bayan 'yan kwanaki ba sanyi, ba kuɗi.

Kuskure na biyu ya fi muni. Sababbin firji da yawa suna aiki da gas R600a. Ɗan'uwan gas ɗin girki ne, yana kama wuta. In aka kusanto da wutar walda ba a fitar da shi ba, sai gobara.

Saboda haka, mu ce mai gyara ya nuna mana hujin tukuna. Sunan gas ɗin yana rubuce a jikin firji. Ya karanta, mu ma mu karanta. Kun ga amfanin karatu ke nan.