MOTAR SANYI DA FATAUCIN SHANU: ABIN DA YA KAMATA MU SANI



Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin titi a Treichville da sassafe, wajen da manyan motoci ke fitowa daga tashar jiragen ruwa, ya san motocin nan masu ɗauke da farin kwantena, wadda za ka ji wani inji yana gurnani a jikinta ko da motar a tsaye take. Da yawanmu mukan dube su mu wuce, muna cewa ai wannan harkar masu kifi ce. To ba kifi kaɗai ba ne. Cikin waɗannan akwatuna akwai nama, hanta, ƙoda, ƙafafu da wutsiyar sa, waɗanda aka yanka tun watanni a wata ƙasa mai nisa, kuma mai sayensu shi ne dai mutumin nan na Adjamé ko Abobo da muke jira ya sayi naman sanmu. Saboda haka muka ga ya dace a wannan fitowa mu yi bayanin injin nan: wa ya ƙago shi, yaya yake aiki, kuma me ya sa har yau bai kore mu daga kasuwa ba.

Bari mu fara da lissafi, don shi ne gindin maganar. San da ka loda daga Wagadugu ko Bamako, in aka yanka shi aka feɗe, naman da ke rataye a ƙugiya bai wuce kusan rabin nauyinsa ba. Wato rabin kuɗin motar da ka biya, na ɗaukar ƙaho ne da fata da abin da ke cikin tumbi. Mu ɗauka tirela tana cin shanu 35, kowane sa kuma ya ba da kilo 150 na nama. Kwantenar sanyi babba tana ɗaukar wajen tan 25 na daskararren nama. In ka raba, za ka ga kwantena guda ta tsaya a madadin shanu sama da 160, kusan tirela biyar ke nan. Ba ta shan ruwa, ba ta rama a hanya, ba a ɗaukar mata yaran da za su riƙa ta da wanda ya kwanta.

Wannan lissafin ne wani mahauci a birnin Chicago na Amurka, Gustavus Swift, ya yi. A 1878 ya sa wani injiniya, Andrew Chase, ya ƙera masa taragon jirgin ƙasa da ake jera ƙanƙara a samansa, iska mai sanyi tana saukowa kan naman. Kamfanonin jirgin ƙasa suka ƙi ja masa taragun, domin sun zuba kuɗi a taragun dabbobi da shingayen da ake sauke su, kuma ɗaukar sa da ransa ya fi kawo musu riba. Sai da ya bi ta layin Grand Trunk mai ratsa Kanada. Mahautan biranen gabashin Amurka su ma sun yi ta kuka, amma cikin 'yan shekaru naman Chicago ya cika shagunansu. A teku ma haka: a 1876 wani Bafaranshe, Charles Tellier, ya gwada injin sanyi cikin jirgi daga Faransa zuwa Ajantina, a 1882 kuma jirgin Dunedin ya kwaso daskararrun tumaki daga New Zealand ya kai su Landan bayan sama da wata uku a ruwa, aka sayar aka ci.

Mota ce ta zo daga baya, don girgizar hanya tana lalata inji, ƙanƙara kuwa narkewa take. Wanda ya warware wannan wani baƙar fata ne ɗan Amurka, Frederick McKinley Jones, makanike wanda bai yi dogon karatu ba, a gareji ya koyi aiki. A 1938, shi da wani ɗan kasuwa Joseph Numero a birnin Minneapolis, suka fitar da injin sanyi mai ɗan ƙaramin injin kansa, wanda ke jure girgiza. Na farkon a ƙarƙashin mota suka ɗaura shi, laka da ƙura suka dame shi, sai suka mai da shi goshin akwatin, can sama bayan direba, inda kuke ganinsa har yau. Kamfaninsu shi ne Thermo King, sunan da ke rubuce a goshin motocin sanyi da yawa a Abidjan. A yaƙin duniya na biyu sojojin Amurka sun yi amfani da injinsa wajen ajiye jini da magani da abinci. Ya rasu a 1961, a 1991 kuma gwamnatin Amurka ta ba shi lambar girmamawa ta fasaha, shi ne baƙar fata na farko da ya samu.

YADDA ABIN KE AIKI

Ba wani sihiri a ciki. Kowa ya san ruwan randa ya fi na bokiti sanyi. Dalili, ruwan da ke tsattsafowa a jikin randar yana bushewa, kuma duk ruwan da zai zama tururi sai ya kwashi zafi ya tafi da shi. Haka zufa ke yi mana. To injin sanyi yana da wani gas a kulle cikin bututu. Kwamfuresa tana matse shi har ya yi zafi, fanka ta hura masa iskar waje ya huce ya zama ruwa, sannan a sake shi ta wata 'yar ƙaramar kafa zuwa bututun da ke cikin akwatin. Yana shiga sai ya tafasa ya koma gas, yana zuƙe zafin da ke ciki. Daga nan ya koma wa kwamfuresa, a sake zagayowa. Wato injin ba ya ƙera sanyi, zafi yake kwashewa daga ciki yana zubarwa waje. Shi ya sa in ka tsaya kusa da shi za ka ji huci.

Na cikin kan mota, wanda direbobinmu ke kira kilim ko iyakwandishan, ɗan uwansa ne, sai dai shi injin motar ne ke juya kwamfuresarsa da bel. Kamfanin Packard ya fara sa shi a motocinsa a ƙarshen 1939. Nan ga abin lura ga mai tsohuwar mota. Gas ɗin da, R-12, an daina yin sa bayan yarjejeniyar Montreal ta 1987 saboda yana ɓata sararin sama, aka koma R-134a. Ba a haɗa su, man kwamfuresarsu ma daban ne. In za a cika maka, ka duba takardar da ke manne ƙarƙashin bonet, ka kuma ga kwalbar da idonka.

Nama iri biyu ake ɗauka, kada mu rikita su. Akwai naman sanyi, wanda ake riƙewa tsakanin digiri 0 zuwa 4, bai daskare ba, kwanakinsa kuma ƙidayayyu ne. Akwai daskararre, wanda ake riƙewa a digiri 18 ƙasa da sifiri, shi kan yi watanni. Na jirgin ruwa galibi na biyun ne.

Ga kuma abin da ya fi cin mutane. Injin mota riƙe sanyi yake, ba shi da ƙarfin sanyaya nama mai zafi. San da aka yanka yanzu jikinsa na wajen digiri 38, kuma cinya mai kauri takan yi kwana ɗaya zuwa biyu a ɗakin sanyi kafin sanyin ya kai ƙashi. Wanda ya yanka da safe ya loda da hantsi, bayan naman zai yi sanyi, cikinsa kuwa ya ruɓe daga jikin ƙashi, ba zai sani ba sai an sa wuƙa a Abidjan. Saboda haka motar sanyi ba ta da amfani sai da mayanka mai ɗakin sanyi da wutar da ba ta yankewa a can arewa, da wani ɗakin a nan da za a sauke. In ɗaya ya ɓace, kuɗin ya tafi.

ABIN DA YA TAƁA FARUWA DA MU

Dattawanmu ba sa bukatar a ba su labari. Jirgin ƙasa ya isa Bobo a 1934, ya kai Wagadugu a 1954, kuma a zamanin RAN, ban da taragun shanu, akwai taragun sanyi da ke kawo naman da aka yanka a mayankan Bobo da Wagadugu. Amma wannan naman gida ne, bai girgiza kowa ba. Girgizar ta zo ne bayan farin 1973 zuwa 1974, da shanu suka yi ƙaranci, Kodebuwa ta fara shigo da daskararren nama ta teku daga 1975, da fari daga Kudancin Amurka.

Wadda ta fi zafi ita ce ta wajejen ƙarshen shekarun 1980. Turai ta tara nama ya yi mata yawa, sai ta riƙa biyan 'yan kasuwarta tallafi don su fitar da shi waje. Naman haƙarƙari da na gefen ciki mai kitse, wanda ake kira kapa, ya cika kasuwannin Abidjan a farashin da san Sahel ba zai iya sauka gare shi ba. Mai gidan abinci ba ruwanta da inda sa ya yi kiwo, kilo take dubawa. Mahauta suka rage yanka, bashi ya maƙale, wasu fatake suka juya akalarsu zuwa wasu kasuwanni. Gwamnatin Kodebuwa ta sa wani harajin cike gurbi kan naman waje a farkon shekarun 1990, a 1993 wasu ƙungiyoyin agaji a Turai suka matsa wa hukumominsu har aka rage tallafin. Sai kuma ranar 12 ga Janairu 1994 aka karya darajar sefa da rabi, faran ɗin Faransa ya tashi daga sefa 50 zuwa 100. Naman waje ya yi tsada dare ɗaya, san arewa ya dawo da kimarsa. A lura, ba injin ne ya lalace ba. Tallafi da kuɗin musanya ne suka juya, kuma abin da ya juya sau ɗaya yana iya sake juyawa.

Kifi ma abokin takara ne, mun fi mantawa da shi. Abidjan babbar tashar kifin tuna ce, kuma kifin garbar nan da 'yan uwanmu Hausawan Nijar suka yi suna a kai daga cikin sanyin jiragen yake fitowa. Ma'aikacin da ya ƙoshi da garba da rana, ranar nan bai sayi nama ba.

TO ME YA HANA A DAINA KAWO SA DA RANSA?

A ganina dalilin farko shi ne rabin nan da Swift ya ɗauka shara ne, a Abidjan kuɗi ne. Kai, ƙafa, tumbi, hanji, huhu, har ganda da suke kira kplo, kowane da mai sayensa, kuma sau da yawa a nan ribar mahauci take. In ka yanka a Bobo ko Sikaso, waɗannan can za ka sayar da su a farashin can. Na biyu, mutanen kasuwa sun fi son naman da aka yanka daren jiya a mayankar Port-Bouët, ja, mai ɗumi, wanda mai saye Musulmi ya san hannun wanda ya yanka. Mai tsire da mai shukuya ma shi suke nema. Na uku, Layya da suna da biki ba a yin su da kwali.

Na huɗu shi ne hanya, kuma shi ya fi nauyi. Daga Wagadugu zuwa nan sama da kilomita 1,000 ne. In aka tsare tirelar shanu a Niangoloko ko Pogo saboda takarda, asara ce, amma ana iya sauke su a shayar da su, a kai su ciyawa, in ta ƙi ma a sayar a Ferké ko Bouaké. Motar nama fa? Injinta na shan gazuwal ko tana tafiya ko tana tsaye, in bel ya tsinke a daji babu makaniken da ya san shi, kuma kowane jami'in da ya ce a buɗe ƙofa ya gani, sanyi ne ke fita. Sa da ransa yana iya jiran kasuwa ta gyaru. Naman sanyi ba ya jira, masu saye kuma sun sani, su za su yanka maka farashi.

Amma kada wannan ya sa mu miƙe ƙafa. Manyan kantuna, otal-otal da gidajen abinci na Plateau da Marcory da Cocody nama mai sanyi suke so, yankakke, da takardar likitan dabbobi, kuma birnin sai faɗi yake. Fili kuma sai ƙara matsewa yake wa dabba mai rai: mun ga yadda a 2024 hukumar gundumar Abidjan ta tashi kasuwar dabbobi daga Port-Bouët zuwa wani fili a Adjamé, da irin rikicin da aka sha. Duk ranar da mayankan arewa suka samu tsayayyar wuta, hanyar kuma ta ragu da shingaye, wani zai fara yanka can yana kawowa nan. Tambayar da zan so shugabanninmu su tattauna ita ce ko wannan mutumin zai fito daga cikinmu. Abu ne da ya fi ƙarfin aljihun mutum ɗaya, amma bai fi ƙarfin mutum goma da suka yarda da juna ba, muddin sun samu mai saye a rubuce kafin su yanka.

Wasu sun tambaya ko ana iya sa wa tirelar shanu irin wannan inji. Amsa, ba shi ne maganin ba. Dabba mai rai kanta murhu ce, tana fitar da zafi da tururin numfashi ba tsayawa, in ka kulle ta a akwati injin ya mutu, cikin ɗan lokaci ka gama. Ko a Turai, dokarsu ta 2005 kan jigilar dabbobi fanka da wurin shan ruwa da na'urar auna zafi ta wajabta wa motocin doguwar tafiya, a riƙe cikin motar tsakanin digiri 5 zuwa 30. Mu namu fankan iskar tafiya ce, tana ɗaukewa da zarar mota ta tsaya. Don haka mafi haɗari shi ne tsayuwar rana: layin kan iyaka, da cunkoson shigowa gari ta Yopougon ko Abobo zuwa Adjamé, inda iskar bakin teku ke da laima, jikin dabbar da ta saba da busasshiyar iskar Sahel ba ya hucewa da wuri. A rage sa biyu a lodi ya fi a jawo mushe ɗaya. A shayar kafin a loda, a shirya takardu tun kafin motar ta iso layi, direba kuma ya auna tafiyarsa yadda zai shigo Abidjan kafin gari ya waye.