Dolab Mai Kwancewa: Ma'ajiyar Tufafin da Ta Dace da Zaman Gadarif

Duk wanda ya taɓa tsayawa ana kwasar kayan gida a Gadarif ta ƙasar Sudan ya san inda aiki yake cijewa. Katifa naɗe ta ake yi, angarib, gadon nan na igiya, a kifa shi kan amalanken jaki, tukwane da kwanuka a zuba a buhu, nan da nan an gama. Sai a zo kan dolab, wato sif ɗin kaya, wanda wasu a Kano ke kira wadrob. Nan ne za a nemo samari huɗu daga maƙwabta, wannan ya ce a karkata shi, wancan ya ce a kwantar, uwar gida tana gefe tana ta "don Allah ku kula da madubin". Ƙofar ɗaki ta ƙi ba shi hanya, a cire ƙyaure, a goge bango. Kafin a kai shi bakin mota bayansa ya ɓalle, murfi ɗaya ya zame. In ya isa sabon gida ba ya ƙara tsayawa daidai sai an tokare masa ƙafa ɗaya da ɓallin bulo.

A wani garin wannan wahala ce ta sau ɗaya ko biyu a rayuwa. Gadarif kuwa gari ne na masu zuwa da tafiya tun asalinsa. Kasuwa ce tun farko, Suk Abu Sin, wadda ta ci sunan gidan sarautar Shukuriyya. Kakannin Hausawan da ke nan a ƙafa suka biyo hanyar Makka, su yi noman damina ɗaya ko biyu su haɗa guzuri, wasu su wuce, wasu zama ya kama su. Bayan yaƙin Burmi na 1903 ayarin hijira ya ƙaru, Mai Wurno ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kafa garinsa kusa da Sannar, jama'a suka bazu har Gadarif da Kasala. Da aka fara noman tarakta a Gadambaliya a tsakiyar shekarun 1940, sai ga wata sabuwar zirga-zirga: kowace shekara dubban leburori na shigowa ciran ciyawa da yankan riɗi da dawa, su watse bayan kaka. A Nuwamban 2020 yaƙin Tigrai ya koro mutane daga Habasha, aka sake buɗe sansanin Um Rakuba, aka ƙara da na Tunaidba a farkon 2021. Sai kuma namu yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu, 2023. Da Madani ta faɗi a Disamban shekarar, Sinja ta biyo baya a ƙarshen Yunin 2024, makarantun Gadarif sun koma masauki, gidan da aka gina don mutum bakwai ya ɗauki ashirin.

Ba wanda ya gudo da dolab. Tufafi a buhu suka zo, a buhu kuma suka zauna, ko a kan igiyar da aka ɗaura daga taga zuwa ƙusa. Wani zai ce mai neman abin sawa a baki ina ruwansa da ma'ajiyar kaya. Ai kuwa da ruwansa. Ƙasar Gadarif baƙar laka ce, mai tsagewa da rani, mai riƙe ruwa da damina. Buhun da aka ajiye a ƙasa a watan Agusta, kwana kaɗan za ka buɗe ka ji warin fumfuna, farin tob, lulluɓin matan nan, ya yi ɗigo-ɗigon baƙi da ba ya fita ko da an wanke, ga ruwan wankin ma saye ake yi a garin nan. Ɓera ya samu gida, kunama ta samu maɓoya a inda yaro ke zura hannu ya ɗauko rigar makaranta. Kayan da mutum ba shi da kuɗin mayarwa su ne suka fi buƙatar a adana su da kyau.

Kasuwa ta kawo nata maganin, dolab ɗin yadi da ake shigowa da shi daga Sin a ɗan kwali. Siraran bututai ne, da mahaɗai na roba, da riga mai zif da ake zura wa ƙarafan. Tunanin da ke cikinsa mai kyau ne: mace ɗaya za ta haɗa shi ba tare da guduma ba, yaro zai ɗauke shi. Amma araha ba ta ado. Bututan ba su da kauri, an yi su ne don ƙananan riguna. Rataya jallabiyya goma da kwat biyu, sandar ta lanƙwashe a tsakiya. Robar mahaɗi ba ta jure zafin Afrilu da Mayu a ƙarƙashin kwano, tana bushewa ta tsage, kuma in ɗaya ta karye ba inda ake sayar da ita ita kaɗai. Daga nan dolab ya fara jingina da bango, zif ya daina haɗuwa, a ƙarshe a ɗaure shi da tsumma.

Su ma Turawa da suka yi suna a wannan fanni, tsadar jigila ce ta koya musu. A 1859 kamfanin Michael Thonet na Biyana ya fito da kujerarsa mai lamba 14: guntayen katako shida, da 'yan noti, ana zuba kujera 36 a kwance cikin akwati mai faɗin mita ɗaya ta kowane gefe, a haɗa su a inda aka kai. A 1956 wani ma'aikacin IKEA a Suwidin, Gillis Lundgren, ya cire ƙafafun wani tebur don ya shiga mota, daga nan kamfanin ya rungumi sayar da kaya a kwali. Sai dai akwai inda nasu bai dace da mu ba. Yawancin irin waɗannan kayan da garin katako da aka matse da gam ake yin su, a ɗaura sukuru kai tsaye a cikinsa. Haɗin farko ya kama tam. A kwance a sake ɗaurawa sau biyu ko uku, ramin ya buɗe, sukuru ya riƙa juyawa a banza. In kuma ruwa ya taɓa gindinsa sai ya kumbura ya marmashe. An yi shi ne don a kai shi gida sau ɗaya. Mu kuwa wanda za a kwance sau goma muke nema.

Malamin da ya fi dacewa yana cikin tsakar gidanmu. Dubi angarib: ƙafa huɗu, sanda huɗu, kowace sanda an fere bakinta ta shige ramin da aka huda a ƙafa, igiyar da aka saƙa ita ke jan su ta matse. Ba gam, ba ƙusa. In ƙafa ta karye a sauya ta ita kaɗai, in igiya ta saki a ja ta. Kafintan da ya iya wannan ya riga ya san rabin aikin dolab mai kwancewa.

Awo kuwa daga ƙofa ake fara shi, kafin a je kan katako. Gidaje da yawa a Gadarif har yau suna da guɗɗiyya, ɗakin nan mai zagaye da jinka, ƙofarsa gajera, bangonsa ba lungu. Dolab mai faɗin mita biyu a irin wannan ɗaki yana barin wani ɓataccen fili a bayansa, mazaunin ƙura da ɓeraye. Gara a yi ƙanana biyu, kowanne faɗin santimita 80 zuwa 90, a jera su suna bin lanƙwasar bango. In ɗaki mai kusurwa aka koma, a haɗa su gefe da gefe. Tsawo kada ya wuce santimita 170 zuwa 180, yadda mace za ta kai hannu saman ba ta taka kujera ba. Kuma kowane guntu, in an kwance, ya zama mutum ɗaya zai ɗauka, ya shiga raksha, keken nan mai ƙafa uku, ko ya kwanta a ƙarƙashin angarib.

Sai a tambayi abin da za a zuba. Wannan ne kuskuren da kafintoci suka fi yi, suna kwaikwayon hoton da suka gani a waya, wanda aka zana don masu kwat da wando. Tob ya kai mita huɗu da rabi, ninke shi ake yi. Zane da atamfa da mayafi da rawani da zanen gado, duk ninki ne. Abin ratayewa a gidanmu kaɗan ne, amma dogo: jallabiyya da abaya suna son wurin da ya kai santimita 150 daga sanda zuwa ƙasa, da zurfin 55 zuwa 60 don kafaɗar hanga ta shiga ba ta tokare murfi ba. Saboda haka kashi biyu cikin uku na dolab ya zama kanta-kanta, kashi ɗaya na rataya. Kanta kada ta yi nisa da 'yar'uwarta. Tazarar santimita 25 zuwa 30 ta isa, don in tulin kaya ya yi tsawo, zaro na ƙasa rushe na sama ne. A bar wani ɗan wuri mai kwaɗo a sama saboda takardu: katin ɗan ƙasa, shaidar makaranta, takardar fili. Waɗanda suka bar nasu a Kartum da Madani sun san abin da ake nufi.

Jikin dolab ɗin hanya biyu ce. Mai walda zai iya yin gefuna biyu kamar tsani da bututun ƙarfe mai kusurwa huɗu, ya walde kowane gefe ya zama guda, sannan sanduna huɗu ko biyar su haɗa su da noti mai kunne, irin wanda ake murzawa da yatsa. Bututun a tsawon mita 6 ake sayar da shi, don haka mai lissafi zai tsara awonsa yadda ba za a bar guntaye a ƙasa ba. Kafinta kuwa zai bi tsarin angarib da katako mai tauri, sanda ta ratsa ƙafa ta ɓullo, a soka mata ɗan fegi a waje. Buga fegin ciki ya matse, buga shi baya ya saki. Inda noti ya zama dole, ya ratsa katakon gaba ɗaya ya kama ƙarfe ɗan'uwansa a ɗaya gefen. Zare a cikin ƙarfe ba ya gajiya da kwancewa, zare a cikin katako yana gajiya. Kantoci a yanka su daga falle ɗaya na filawud, wanda awonsa santimita 122 ne a 244, su zauna kan sanduna da nauyinsu, ba a kafe ba. Gora ma tana yi, ga ta nan ana samu daga wajen iyakar Habasha, in dai ta ƙosa ta bushe sosai, don ɗanya ƙwaro ke cinye ta ta ciki.

Akwai abu ɗaya da masu yi ke mantawa, shi ne kuma ke kayar da dolab ɗin Sin. Siffa mai kusurwa huɗu ba ta tsayawa da kanta. Tura ta ta gefe sai ta kwanta. Abin da ke hana ta shi ne tokari a baya daga kusurwar sama zuwa ta ƙasa, ko siraran ƙarafa biyu a gicciye, ko ma igiya mai ƙarfi da aka ja ta yi tsam. Abu ne na kuɗi kaɗan, amma in babu shi duk sauran aikin banza ne.

Ƙafafu su ɗaga shi daga ƙasa kamar santimita 15, tsintsiya ta shiga, ruwan da ya kwararo ta bakin ƙofa ya wuce ta ƙasa, gara kuma in ta fara gina hanyarta a gan ta da wuri. Ƙarfe a shafe shi da jan fentin hana tsatsa kafin na ado. Murfi na katako da madubi su ne nauyi, su ne kuma ke fara lalacewa, don haka a bar su. Tela ya ɗinka riga da yadi mai kauri, a ɗaura ta da maɓalli ko 'yan igiyoyi maimakon zif, yadda za a cire a wanke. Saman kawai za a shimfiɗa wa tamfol saboda yoyon jinka da ƙura. Kada a naɗe shi duka da leda, kaya na son iska, in an toshe su gumi suke yi. Busasshen ganyen darbejiya a ɗan ƙyalle yana taimakawa wajen korar asu. Kafur ɗin kanti kuwa, a gidan da yara ke rarrafe a yi nesa da shi, suna ɗaukarsa alawa, kuma guba ne.

Maganar yara ta kawo mu ga hatsarin da ba a cika faɗa ba. Abu mara nauyi mai tsawo saurin kifewa gare shi, kanta kuma a idon yaro tsani ce. A 2016 IKEA ta janye durowa kusan miliyan 29 a Amurka bayan wasu sun faɗo kan ƙananan yara sun kashe su. Kaya masu nauyi, barguna da akwati, su zauna a kantar ƙasa. Saman dolab a ɗaure shi da bango ko da ginshiƙin ɗaki, ko da waya ce.

Sauran ƙananan abubuwa ne masu sauƙaƙa rayuwa. Noti duka su zama awo ɗaya, irin wanda ke kowane shago, don in ɗaya ya ɓata a hanya a maye shi. Kowane mahaɗi a ɗiga masa fenti, ja ya haɗu da ja, shuɗi da shuɗi, wanda bai yi karatu ba ma ya haɗa. Rigar dolab ɗin ita ce za ta zama jakar da za a naɗe sandunan a ciki, da ɗan aljihu na noti.

Na san inda gardama za ta fito, wajen kayan ɗakin amarya. Uwa ba ta son a shigo ganin ɗaki a ce 'yarta ba ta da dolab mai ƙofa shida. Ba laifi ba ne son a fita kunya. Amma adudu da akwatin ƙarfe da kakanninmu suka yi aure da su, duk abin ɗauka ne a ka ko a bayan jaki, ba su kuwa rage wa kowa daraja ba. Ado kuma ana iya zuba shi a yadi da fenti da aikin tela. Tun da sojoji suka koma Madani a Janairun 2025 mutane ke komawa gidajensu, da yawa sun tarar an kwashe komai, sabon saye za a yi daga tushe. Ga masu walda da kafintocin kasuwar Gadarif, wannan ciniki ne da ke jiran wanda zai fara yin samfuri ɗaya ya ajiye a bakin shago. Kai kuma mai saye, kafin ka biya, ka ce a kwance shi a gabanka, sannan kai da hannunka ka mayar da shi. In sai an kira maka wanda ya ƙera shi, ka bar masa kayansa.