AMSOSHIN WASIƘUNKU: Dole Ne Zoben Ango Da Na Amarya Su Zama Na Zinare Duka Biyu?

Wasiƙarmu ta wannan mako ta fito ne daga wani manomi, kuma ɗan kasuwar hatsi a Wasagu, cikin ƙaramar hukumar Danko-Wasagu ta Jihar Kebbi. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ya ce ɗansa na fari zai yi aure bayan kaka. An yanke sadaki, lefe ma ya kusa haɗuwa, sai yarinyar ta aiko cewa tana so a sa zobba biyu na zinare iri ɗaya, ɗaya nata ɗaya na ango, kamar yadda take gani a waya. Shi kuwa uban ango, sai ya sayar da san nomansa kafin ya iya. Yana tambaya wane iri zai saya, kuma yaya zai gane na gaske.

To Malam, mun gode da wannan wasiƙa, Allah ya sanya alheri. Amma kafin ka ja san nan zuwa kara, zauna tukuna ka saurara.

Musayar zobe ranar aure al'adar Turawa ce, ta shigo mana ta hanyar coci, daga baya fina-finai da waya suka yaɗa ta. Ko a Amurka ma, sai wajen yaƙin duniya na biyu, cikin shekarun 1940, sa zoben aure ya zama ruwan dare ga maza. A ƙasarku ta Zuru kuwa, dattawan Dakarkari da golmo suka san aure, saurayi ya yi shekara bakwai yana noma wa surukansa. A wajen Musulmi, waliyyi da shaidu da sadaki da siga su ne aure. Zobe ado ne da kyautatawa, babu auren da ya taɓa ɓaci don ba a sa shi ba.

Ba ka faɗa mana addinin gidanku ba, kuma mun san ƙasar Zuru akwai Musulmi akwai Kirista, wani lokaci ma a gida ɗaya. In ango Musulmi ne, rabin tambayarka ta faɗi da kanta, domin zinare ado ne na mata, an hana maza sa shi. Zoben Manzon Allah (SAW) na azurfa ne, kuma malaman Malikiyya sun ce kada na namiji ya wuce nauyin dirhami 2, watau kusan giram 6. A yi hattara da abin da 'yan kasuwa ke kira farin gwal. Fari ne a ido kamar azurfa, amma zinare ne aka gauraya, hukuncinsa bai canja ba. In kuwa a coci za a ɗaura, babu abin da ya hana su duka biyu sa zinare, sai dai aljihu.

Abin da nake so 'yarka amarya ta gane shi ne, dacewar zobba biyu a ƙira take. A kai wa maƙeri ɗaya, ya yi musu faɗi ɗaya da zane ɗaya, ya rubuta ranar auren a ciki in suna so. Nata na zinare, nasa na azurfa. Duk wanda ya ga hannuwan nan biyu zai san Ɗanjuma ne da Ɗanjummai, ga shi kuɗin azurfa bai kai ko kusa da na zinare ba.

Yanzu ga maganar zinaren kansa, kuma nan ne ake cutar mutanen karkara. Ana auna kyansa da abin da ake kira karat. Mai karat 24 shi ne tsantsa, amma yana da laushi, ko haƙori ka sa sai ya nuna. Saboda haka akan gauraya shi da jan ƙarfe ko azurfa don ya yi ƙwari. Ka juya zoben, a cikinsa za ka ga 'yar lamba. In ka ga 916, karat 22 ke nan. 875 shi ne karat 21, wanda ya fi yawa a kayan Saudiyya da Dubai. 750 karat 18 ne, irin da ake yawan kawowa daga Italiya, 585 kuma karat 14. Ma'anar lambar ita ce yawan zinaren da ke cikin kashi 1,000. Misali, zobe mai giram 3 na karat 18, zinaren da ke cikinsa giram 2 ne da kwata, sauran gauraye ne. Don haka kada wani ya sayar maka da 750 a farashin 875 don kawai ya fi sheƙi. In kuwa ka ga haruffan GP, wannan ruwan gwal ne aka shafa wa wani ƙarfe, damina ɗaya ya ishe shi ya koɗe.

Ga matar karkara mai daka, mai wanke-wanke, mai jan guga, ni dai na fi son karat 18, sumul, ba dutse. Ya fi jure wahala. Karat 21 ya fi riƙe daraja ran sayarwa, amma taɓarya kan lanƙwasa shi.

Zinare kamar dawa yake, da awo ake sayensa. Kai da kake auna hatsi da tiya ba za ka yarda a ce maka buhu ya cika ba tare da ka gani ba. To haka nan ma, a ɗora a sikeli a gabanka, ka karanta giram da idonka. Ka tambayi kuɗin giram ɗaya a shago uku kafin ka buɗe jaka, ko a Kano ne ko a Sakkwato. Sannan ka tambayi kuɗin aikin ƙira daban, domin ranar da za a sayar, wannan kuɗin ya tafi, nauyi kawai za a biya. Zobe mai duwatsu masu ƙyalli kuwa, galibi gilashi ne, amma sai a auna maka su a kuɗin zinare, ran sayarwa kuma a ɓamɓare su a zubar. Farashin yana bin dala: oza ɗaya, watau giram 31 da 'yan kai, ta haura dala 2,000 a 2020, ta wuce 3,000 a watan Maris na 2025, ta wuce 4,000 a watan Oktoba na shekarar. Saboda haka kada ka yi lissafi da kuɗin da aka sayo wa uwargida nata tun da daɗewa.

Lambar da ke cikin zobe ma 'yan damfara suna bugawa. Mayen ƙarfe ba ya jan zinare, amma ba ya jan tagulla ma, don haka wannan gwajin bai isa ba. Maƙeran zinare suna goga shi a kan wani baƙin dutse su ɗiga masa ruwan asid, in na jabu ne zanen sai ya ɓace. Ka nemi a yi wannan a gabanka, kuma ka tafi da wata dattijuwa da ta saba sayen gwal. A rubuta maka rasit mai nauyi da karat da sunan shago, tare da alkawarin za su karɓa in an dawo da shi. Wanda ya ƙi rubutawa, ka yi masa sallama.

Na san wani zai ce maka ga ɗanyen zinare nan da araha wajen masu haƙa, tunda Zamfara maƙwabtanku ne. Ka rufa wa kanka asiri. Ba ka da hanyar sanin kyansa, kuma kada a kuskura a kawo dutsensa gida a daka. Haka aka yi a Bagega da Dareta da wasu ƙauyukan Zamfara, a 2010 gubar dalma ta kashe yara fiye da 400.

Sai awon yatsa. Yatsa kan kumbura da zafi, ya motse da hunturu, mace mai ciki ma nata kan ƙaru. A auna da zare da yamma, a bar shi ya wuce gaɓa da ɗan ƙyar. Ango kuma ya riƙa cire nasa in zai taɓa injin niƙa ko bel ɗin injin ban ruwa, don zobe in ya maƙale yakan tafi da yatsa. Amarya ta nisanta nata da ruwan bilicin wanki.

Batun san noma kuwa, Malam, kada ka sayar. Mafi ƙarancin sadaki a Malikiyya rubu'in dinari ne, giram 1 da ɗan ɗoriya, to ka ga zoben giram 2 ko 3 ba ƙaramar kyauta ba ce, kuma in ka jira hatsi ya ɗan yi daraja bayan kaka, ka rage wasu buhuna ka saya, huɗar baɗi na nan. Da zarar an ba ta, ya zama dukiyarta, ba ta ango ba, ba taka ba, rasit ɗin ma ita za a damƙa wa. Ran da za ka sayo, kada ka shelanta a tasha, ka san halin da hanyoyinku suke ciki. A sa shi cikin lalita a ƙarƙashin riga, sai an isa gida a buɗe.