Tsohon Fim Dukiya Ne: Daga Girka Zuwa Arlit

Fiye da shekara 2400 da suka wuce, wani marubucin ƙasar Girka mai suna Yuripidis ya tsara wasannin kwaikwayo masu ban tausayi. Daga cikinsu akwai Medeya, labarin matar da mijinta ya ci amanarta, ta halaka ƴaƴanta biyu don ramuwa. A 1988 gidan telebijin na ƙasar Danmak ya nuna fim ɗin wannan labari, wanda Lars von Trier ya shirya. Da yake don telebijin aka yi shi, ba don gidajen silima ba, samunsa ya yi wuya, har masu tara tsofaffin finafinai suka riƙa neman kasetinsa ruwa a jallo.

Nijar ma ba a bar ta a baya ba. Lokacin babban farin shekarun 1970, Mustafa Alasan da Anna Soehring sun shirya fim ɗin Tula, bisa labarin da Bubu Hama ya rubuta. A ciki, boka ya ce ruwa ba zai samu ba sai an ba aljanin ruwa budurwa. Labarin ya yi kama da wani wasan na Yuripidis, inda sarki Agamemnon ya sadaukar da ɗiyarsa Ifijeniya don iska ta tura jiragen yaƙinsa. Tambayar ɗaya ce: wa ake sadaukarwa don jama'a ta rayu?

Wannan tambaya ba baƙuwa ba ce a Arlit. Kamfanin SOMAIR ya soma fitar da iraniyom a 1971, COMINAK kuma ya yi aiki a Akokan daga 1978 har aka rufe shi ranar 31 ga Maris 2021. Finafinai biyu sun adana muryoyin mutanen garin: "Arlit, deuxième Paris" na Idrisu Mora Kpai a 2005, da "La Colère dans le vent" na Amina Weira a 2016. A cikinsu mazauna garin da tsofaffin ma'aikata sun yi maganar ƙura, da cuta, da rashin aikin yi.

Kaset na lalacewa, zafi da rairayi kuwa ba su da sabo. Ya kamata hukumomin al'adu na jihar Agadas su tattara waɗannan finafinai, su adana su, a kuma riƙa nuna su a gidajen samari da azuzuwan yaƙi da jahilci. In an yi sakaci, wata rana jikokin ma'aikatan Arlit sai sun je ƙasar waje kafin su ga fuskokin kakanninsu.