Mai Koyon Gudu, Ƙidaya Mintuna Kafin Kilomita

Duk lokacin da aka buɗe ɗaukar aikin soja ko na ɗan sanda, sai ka ga samarin Mairuwa da maƙwabtansu na Faskari, Sabuwa da Ƙanƙara sun bazu a filayen makarantu da sassafe suna sheƙa gudu. Tun da Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma ta Jihar Katsina a watan Oktoban 2023, wata ƙofar aikin ɗamara ta ƙaru. Abin da ke damuna shi ne yadda da yawa ke fara shirin: ranar farko mutum ya auna kilomita biyar da iyakar ƙarfinsa, rana ta uku ƙwauri ya ɗau ciwo, mako na biyu ya jingine takalmi yana cewa ba a halicce shi don gudu ba. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.

A ganina, tushen matsalar ma'auni ne. Mai koyo yana auna kansa da nisa da sauri, alhali abin da ya kamata ya ƙidaya shi ne mintuna. Akwai wani sanannen tsarin horo da Ba'amurke Josh Clark ya ƙirƙiro a 1996, wanda hukumar lafiya ta Ingila ta runguma daga baya. Makonni 9 ne, sau uku a mako, da hutun yini guda a tsakani. A makon farko, bayan tafiyar sauri ta minti 5, mutum zai yi sassarfa ta daƙiƙa 60, ya yi tafiya ta daƙiƙa 90, ya riƙa maimaitawa har minti 20. Sai a ƙarshen mako na 5 ne ake neman ya yi minti 20 ba tsayawa, a mako na 9 kuma minti 30.

Ko da yake an raɗa wa tsarin sunan kilomita biyar, lissafi ya nuna cewa cinye wannan nisa cikin rabin awa yana buƙatar minti 6 a kowace kilomita. Wanda yake yin minti 8 ko 9, kamar yadda masu farawa da dama suke yi, zai ƙare da kilomita uku da 'yan kai, bai kai huɗu ba. Wannan ba gazawa ba ce. Kelvin Kiptum na Kenya ya yi kilomita 42.195 cikin awa 2 da daƙiƙa 35 a Chicago a 2023, wato ƙasa da minti 3 a kowace kilomita, amma wannan sakamakon shekarun horo ne, ba mizanin ɗan makonni biyu ba.

Dalilin bi a hankali yana cikin jiki. Zuciya da huhu suna saurin sabawa da aiki, amma ƙashi, jijiyoyi da gaɓoɓi sun fi su jinkiri. Shi ya sa mutum zai ji numfashinsa ya daidaita, ya ƙara nisa farat ɗaya, gwiwa ko agara ta ƙi. Gwaji mafi sauƙi ba ya buƙatar agogo mai tsada: idan kana iya yi wa abokin gudunka magana cikakkiya ba tare da haki ya yanke ta ba, saurinka ya yi daidai. In ba ka iya ba, rage. In mako ya yi maka nauyi, maimaita shi.

Wanda ke son sanin nisa, cikakken filin ƙwallo mai tsawon mita 105 da faɗin 68 yana da kewayen mita 346, don haka zagaye uku ya ɗan haura kilomita ɗaya. Filayen makarantunmu sukan gaza haka, sai a yi la'akari. Filin yana da wata fa'idar: a halin tsaron da yankinmu ke ciki, gudu cikin gari, a ƙungiyance, bayan gari ya waye, ya fi bin hanyar gona ko nausawa titin Funtuwa zuwa Gusau cikin duhun asuba. A zafin Maris da Afrilu a guji rana tsaka, a sha ruwa. Mai hawan jini, ciwon sikila ko asma ya fara ganin likita, kuma duk wanda ya ji ciwon ƙirji ko jiri ya tsaya nan take.

Na san za a ce ranar tantancewa agogo ake dubawa, ba a tambayar wa ya yi haƙuri. Gaskiya ne. Amma sauri ana ɗora shi ne a kan juriya, kuma wanda ya iya minti 30 ba tsayawa shi ne zai iya fara rage lokacinsa lafiya. Saboda haka kada a jira sanarwar ɗaukar aiki. A fara wata uku kafin ta. Ko aikin bai samu ba, minti 150 na motsa jiki matsakaici a mako da Hukumar Lafiya ta Duniya ke ba manya shawara ya kusa shiga hannu. Sannu ba ta hana zuwa, gurɗe ne ke hanawa.